Ragar da Manaja Ya Cike

Manaja bai taɓa zama manajan komai ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani kamfani mai kwashe kayan masu sauya gida, goma sha tara daga ciki yana ɗan lodi, yana hawa bene da firji a gadon baya. Da ƙugunsa ya gaza sai aka ba shi kujera a bakin get, da wani allon katako mai maƙale da takarda, yana rubuta lambar motar da ta fita da wadda ta dawo. Ranar da ya karɓi allon nan ya sayi biro uku ya jera a aljihun gaba, ya kuma daina miƙa wa 'yan lodi hannu. Su ne suka laƙaba masa Manaja don su sami abin dariya. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu ya tafi da shi gida. Har bayan ya yi ritaya, in matarsa ta yi suɓul da baka ta ce wa baƙo, "lokacin da yake lodi," sai ya yini bai ce mata ci kanki ba.

Yayan matar tasa shi ne wanda ake kira Baba Gurbi. Tsohon mai jera haruffa ne a gidan jaridar garin, tun zamanin da ake tsintar harafin dalma ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da na'ura ta zo ta cinye wannan aiki, abu guda ya rage a hannunsa: wasan cike gurbi na shafin ƙarshe, kowace Asabar. Zane ne mai gidaje goma sha uku a kwance, goma sha uku a tsaye, wasu farare wasu baƙaƙe, shi raga yake ce masa. A ƙarƙashinsa akwai tambayoyi. Amsar kowace tambaya kalma ce da za ka rubuta cikin fararen gidajen, harafi ɗaya gida ɗaya, kalmomin kwance su ratsa na tsaye, su haɗu a kan harafi ba tare da wata ta ɓata wata ba. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, bai taɓa sa sunansa a kai ba.

Nasa wasan ba shi da jigo. Masu yin raga duk sunayen tsuntsaye, ko duk kayan kicin, Baba ba ya sa su cikin masu sana'ar. Yakan ce wannan ai riƙe wa babban mutum hannu ne a tsallaka da shi titi. Shi dogayen kalmomi yake ɗorawa uku a kan juna, waɗanda babu abin da ya haɗa su sai dai sun zauna lafiya. Baƙaƙen gidajensa kaɗan ne, kuma in ka juya takardar sama ta koma ƙasa za ka tarar da su inda ka bar su. Da fensir yake aiki, da robar goge rubutu, kusurwa ɗaya takan ci masa kwana huɗu. Zanen raga iri shida gare shi, tun na zamanin dalma, yana bin su bi da bi, in ya kai ta shida ya koma ta fari. Kalmomin ne ke sauyawa, zanen yana nan.

Shi kuma Manaja, tun da ya sami kujerar bakin get ya ga ya kamata a san shi da wani abu na masu ilimi. Ya gwada tabarau, kansa ya riƙa juyawa. Ya gwada sauraron labaran duniya, ya riƙa haɗa sunayen ƙasashe da na shugabanninsu. Daga ƙarshe ya faɗa kan wasan yayan matarsa, ya zauna a kai.

Kowace Asabar da ƙarfe tara zai shiga shagon askin da ke kan kwana, ba don aski ba, don kansa ya daɗe da sallamar gashi. Zai ja kujerar roba zuwa lungu, bayansa jikin bango, nesa da madubi. Ya kwance agogo ya ɗora a gwiwa. Ya zaro biro ya ɗan ɗaga shi yadda kowa zai gani, don a wurinsa fensir na matsorata ne. Daga nan sai gyaran murya, da kaɗa kai, da wani murmushi irin na wanda ya kama mutum yana ƙarya. In ya gama ya ce, "Mai aski, duba lokaci." Mai aski, wanda bai taɓa buɗe jarida ba sai don shafin ƙwallo, ya ce, "Kai, Manaja, wannan kan naka!" Masu jiran layi su ma su ce kai. Ya ɗaga shafin daga nesa a ga duk gidajen sun cika, ya ninke shi huɗu, ya tura aljihu.

Daga can gidan Baba yake zarcewa, ya tsaya a bakin baranda ko zama ba ya yi.

"Yaya, minti ashirin da biyu. Ka fara laushi fa. Na makon jiya ya ɗan fi wannan tauri."

"To," in ji Baba.

"Ka riƙa sa masu wuya. Akwai irinmu a gari."

"Akwai ku kam."

Shekara ashirin ana haka, Baba bai taɓa cewa miƙo in gani ba. Ya san mutumin ba ya iya amsa ko ɗaya. Tun da farko, wata rana suna cin abinci, ya jefa masa wata tambaya mai sauƙi, irin wadda yakan sa don masu koyo: wa ke tafiya da ɗakinsa a baya? Manaja ya ƙura wa bango ido har abinci ya huce, sannan ya ce shi ba ya son magana a kan abinci. Tun ranar Baba ya yanke cewa haruffa kawai yake zubawa cikin gidajen, kamar mai cike rami da tsakuwa, ya kuma ga bai dace idonsa ya sauka kan irin wannan ƙazanta ba.

Idon nan kuwa shi ne ya fara cin amanarsa. Likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta gaji. Baba ya sayi gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi, ya koma aiki a baranda inda rana ke faɗowa. Tambayoyi ba su dame shi ba, waɗannan a kansa suke, ko ido a rufe zai tsara su. Ragar ce ta zama azaba. In gilashin ya nuna masa gida huɗu sai ya ɓoye sauran, shi kuwa mai cike raga dole ya ga kusurwa gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ya san in wasan ya faɗi daga hannunsa babu mai ɗauka, shafin zai tafi, kuma shi ne kaɗai abin da ya rage nasa a gidan jaridar nan.

Rannan ya shirya ambulan biyu, na wannan mako da na mako mai zuwa, ya sa raga ta huɗu tare da tambayoyin raga ta biyar. A gidan jarida ba wanda ya duba, don ba a taɓa duba aikin Baba ba. Ranar Asabar wajen ƙarfe goma wayarsa ta yi ƙara. Edita ce, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ta shigo gidan tana 'yar koyo lokacin Baba ya riga ya yi furfura.

"Baba, mutum tara sun kira. Wani tsohon malami ya ce amsar tambaya ta ɗaya harafi shida ce, gidajen kuma tara. Wata mata ta ce ta goge har takardar ta huje. Ka zo ranar Litinin mu yi magana."

Baba ya ɗauko gilashinsa ya duba, ya ga abin da ya aikata. Ya ajiye jaridar a cinya. Yana nan zaune sai ga Manaja, yana tafe yana kaɗa agogo.

"Yaya, yau kam ka ba ni kunya. Minti goma sha tara!"

"Ka gama?"

"Tas."

"Duka?"

"Ko gida ɗaya ban bari ba. Mai aski shaida ne."

"Tambayoyin ba su ba ka wahala ba?"

"Ni? Ai ina karanta rabin tambaya amsa ke fitowa."

"Madalla," in ji Baba. Ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Ranar Litinin ya hau benen gidan jarida yana dafa bango.

"Baba, zauna," in ji Edita. "A'a, ba nan ba, wannan kwandon shara ne. Kujerar tana hagunka." Ta jira ya zauna. "Tun yaushe idon?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Ba zan ɓoye maka ba. Masu talla sun daɗe suna son shafin nan, ni ce nake tarewa. Yanzu ba ni da bakin tarewa. Mako uku na samo maka. In ka kawo wanda zai karɓa, kuma na ga aikinsa, wasan ya ci gaba. In babu, sai mu yi wa masu karatu sallama."

"Babu kowa."

"Surukinka fa? Sau huɗu yana zuwa nan da biro a aljihu, yana cewa duk garin nan ba mai saurinsa."

Baba ya yi wata dariya ta hanci. "Wannan? Ranar Asabar ya cike ragar da ba ta cikuwa cikin minti goma sha tara."

"To ai gwani ne ke nan."

"'Yata, tambayoyin ba na ragar ba ne. Ko ni da na yi su ba zan iya ba. Gobe zan kawo miki takardar tasa ki ga irin gwanintar. Daga nan kuma in kai wa mai aski ya manna a madubi."

Da wannan niyya ya tashi ranar Talata da hantsi. Shafin zai tafi, ya riga ya haƙura, amma ba zai tafi ya bar wannan mutum yana kaɗa agogo ba. Ya tarar da ƙanwarsa tana shanya a tsakar gida. Manaja ya fita sayen batirin rediyo.

"Ina jaridarsa ta Asabar?"

"Yaya, ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Mun gaisa. Ina take?"

Ta dube shi, ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki ta fito da ita a ninke huɗu. Baba ya zauna a kan dakali, ya warware ta, ya ɗora gilashi a kan layin farko, yana shirin ganin tsakuwa.

TALABIJIN. Gida tara, harafi tara.

Ya ce a ransa dace ne. Ya gangara ƙasa da gilashin, ya bi ta tsaye. Kalma ce. Ya bi ta kusa da ita. Kalma ce ita ma. Katifa, igiya, tamfol, kabad, matattakala, da wasu da ba su da alaƙa da kayan gida ko kaɗan, duk na gaske, duk waɗanda mutum zai ji a bakin mutane. Babu wadda aka datse wa wutsiya don ta shiga. Babu wadda ta fito sau biyu. Babu ɗaya kuma da ta amsa tambayar da ke ƙasa, ko ta wannan mako ko ta wani. Ya kai gilashin kan dogayen nan uku na tsakiya, wurin da raga ta huɗu ta saba hana shi sakat, ya tarar sun kwanta a kan juna lafiya lau kamar tare aka haife su.

Ya ɗago ya dubi ƙanwarsa.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Wa zai yi masa?" in ji ƙanwar. "Yaya, shekara nawa kana zuwa gidan nan, ka taɓa tambaya me yake yi a sito kullum bayan azahar?"

"Na ɗauka barci."

"Barcin ma yana yi. Taso."

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kicin, mai taga ɗaya. An jera kwalaye daga ƙasa har rufi, a matse, ko wuƙa ba za ta shiga tsakaninsu ba. Akwai tebur da kujera, da gwangwani cike da guntayen fensir, da garin roba a ƙasa kamar an yi tankaɗe. Ta sauko da kwali ɗaya ta buɗe. Takardu ne masu zanen raga da aka ja da rula, kowace an cike ta da fensir, an goge, an sake cikewa.

"Tun shekarar farko ya gane zanenka shida ne kake juyawa," ta ce. "Ya san wanda zai fito ranar Asabar. Sai ya zana shi ranar Lahadi, ya yi ta fama har Juma'a, ya haddace, ya je shagon aski ya juye da biro. In kusurwa ta ƙi masa, ko ni ba na shiga gabansa."

"Tambayoyin fa?"

"Ba ya ko kallonsu. Ya ce suna sa masa ciwon kai."

"Ke kuma kika yi shiru."

"Ya rantsar da ni. Kai kuma ba ka tambaya ba. Ku biyun ai ba a gaya muku magana."

Suna cikin haka suka ji ƙarar ƙofa. Manaja ya leƙo siton da batir a hannu, ya ga kwali a buɗe, ya ga Baba a kan kujerarsa. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

"Shigo ka rufe bakinka," in ji Baba.

"Yaya, wannan atisaye ne kawai. Kowane gwani yana atisaye. Don hannu ya saba."

"Mai haƙora da yawa, ba ya cizon komai sai gashi. Harafi shida."

"Me?"

"Tambaya ta ɗaya ce ta ranar Asabar. Wadda ka karanta rabinta amsa ta fito."

Manaja ya dubi rufi. Ya dubi matarsa. Ta ɗaga hannu ta shafa kanta sau biyu, don ta taimake shi.

"Ƙwarƙwata," ya ce.

"Mataji, sakarai," in ji ta, ta fice ta koma shanyarta.

Manaja ya zauna a kan kwali. Ba tare da agogo da 'yan kallo ba, tsoho ne kawai mai ciwon ƙugu da manyan yatsu. Baba ya dube shi ta cikin hazon idonsa, bai ji tausayi ba. Abin da ya ji ya fi kama da abin da mutum ke ji in ya ga an ɗaure akuya da igiyar siliki. Ga mutum Allah ya ba shi abin da shi Baba ya yi shekaru yana nema da gumi, ya ɗauka ya ɓoye a bayan kicin kamar kayan sata, ya fita titi yana tallar abin da ba shi da shi, a gaban mai askin da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

"Me ya sa ba ka haddace shida kawai ka huta ba? Wa zai gane?"

"Mai askin nan idonsa kamar na shaho. Sau ɗaya na maimaita, ya ce, Manaja, wannan katifar ba ita ce ta kwanakin baya ba?" Ya sosa ƙeya. "Kuma ni ba na son ganin wuri a buɗe. Damuna yake yi."

"Tsakiyar nan, yaya ka yi da ita?"

Manaja ya ɗan gyara zama. "Ai ba wuya. Manyan kaya kake fara sawa, gado da kabad, ka jingina su inda ba za su motsa ba. Ka bar wa kanka hanyar fita. Ƙanana su ne na ƙarshe, su ko ina za su shiga. Kai kuma Yaya, ina duba amsoshinka in an buga. Daga sama kake farawa kana gangarowa, shi ya sa in ka iso kusurwar ƙasa ta dama wuri ya ƙare maka, sai ka tura tarkace. Sunan wani kogi da ba wanda ya taɓa ji. Da a lodi ne, da tuni an..." Ya tsaya. Kalmar ta riga ta fita. Ya waiga ko matarsa ta ji.

Kogin nan sau goma sha ɗaya Baba ya sa shi, kullum a wannan kusurwa, kullum yana fatan ba wanda zai lura. Ashe wanda ya lura shi ne wanda ya ce ƙwarƙwata.

Baba ya ninke jaridar a hankali. Hanya biyu ce a gabansa, kuma duk biyun ya gan su sarai duk da idon. Ta farko ta bi ta shagon aski, ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Har ya ji yadda shagon zai ɗauki dariya. Amma in ya bi ta, bayan mako uku tallar man shafawa ce za ta zauna a shafin ƙarshe.

"Idona ya tafi," ya ce. "Edita ta ba ni mako uku. Kai za ka riƙa cike raga, ka karanto mini kalmomin, ni in yi tambayoyin."

Manaja ya tsaya yana juya batir a hannu. Baba ya zaci kunya ce ta kama shi. Ina.

"Za a sa suna?"

"Ba a sa suna."

"To ni za a sa nawa. Da manyan haruffa, a sama."

"Shekara ashirin da shida ban sa nawa ba."

"Wannan kai ka so. Kuma maganar siton nan ta mutu a nan. Zan gaya wa su mai aski jarida ce ta roƙe ni, tunda na fi ƙarfin amsawa, aka ce in zo in riƙa yi wa jama'a."

"Ka ce musu abin da ka ga dama."

"Kuma in mun je ofis kada ka ce mini sakarai."

"Ba ni na ce ba, matarka ce."

"Na ga ka gyaɗa kai."

Kwana uku suka yi a barandar Baba. Manaja ya kawo raga ta biyar da ya riga ya fara, yana karanto kalma da ƙarfi kamar mai kiran lambar mota, Baba ya rufe ido, can ya faɗi tambaya, ƙanwar ta rubuta. Duk tambayar da aka faɗa sai Manaja ya ce bai ga yadda ta dace ba, alhali amsar tana hannunsa. Sau biyu ya kawo tasa shawarar, sau biyu amsar tana cikin tambayar. Baba ya bi ragar da gilashi gida-gida yana neman inda zai kama shi. Ya sami kalma ɗaya da bai so ba, ya ce a cire. Manaja ya yi tsaki, ya shiga lungu da fensir, bayan awa ɗaya ya dawo da kusurwar ta fi da kyau. Wannan ma ya ƙara ɓata wa Baba rai.

Ranar Juma'a suka je gidan jarida. Baba ya ce Manaja ya jira a ƙasa, don ya san in ya shiga ya buɗe baki komai zai lalace. Edita ta karɓi takardun, ta ɗauki fensir ta gwada da kanta. Ta yi kusan rabin awa, tana cizon leɓe, tana gogewa. Da ta gama ta jingina da kujera.

"Baba, wannan ya fi na watannin baya daɗi. Kada ka ji haushi. Wa ya yi ragar?"

"Mijin ƙanwata."

"Mai biro? Ba kai ka ce za ka manna shi a madubi ba?"

"Na ce."

"To ashe ba wawa ba ne."

"Wawa ne. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ki buga."

Ta duba saman takardar, inda aka rubuta suna da manyan haruffa har biro ya huda takarda. "Naka sunan fa? Sai mu sa biyun."

"Kusa da wannan? Bar shi."

"To shi ke nan. Shafin yana nan. Amma kowace Laraba nake son aiki a teburina, kuma yanzu zan riƙa dubawa."

"Da ma can ya kamata."

Ya fito yana laluben bango. A ƙasan bene ya jiyo muryar Manaja, ya tare mai gadi yana yi masa bayani cewa jaridar ta kusa durƙushewa, shi ya sa aka aika a kira shi takanas, kuma shi da farko ma ƙi ya yi, sai da aka haɗa shi da manya. Mai gadi yana ta cewa Allah sarki. Baba ya tsaya a saman matakala, ƙafarsa tana neman bakin na farko ba ta samu ba. Ya lissafa Lahadi da Litinin da Talata na duk makonnin da suka rage masa a duniya, ya ga wannan murya ce a cikinsu duka.

"Kai," ya kira. "Zo ka riƙe ni. Kuma ka yi mini shiru."

Manaja ya hau da sauri, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa, ya sauko da shi a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya, ko gwiwar hannunsa ba ta gogi bango ba. Shirun ne dai bai yi ba.